Damin Hatsin Kailu Magini

A Tudun Gawo, wani gari na ƙasar Kurfai da ke tafiyar rabin yini a amalanken jaki daga Filinge, babu gidan da Kailu bai taɓa hawa rumbunsa ba. Magini ne, amma ba ya gina ɗaki. Rumbun ƙasa kaɗai yake ginawa, mai tumbi kamar tulu, wanda ake ɗora wa duwatsu a gindi saboda gara, a kifa masa jinka a ka saboda ruwa. Ya haura shekara sittin. Mutum ne gajere mai faɗin tafin hannu, kuma in yana tafiya kansa a ɗan sunkuye yake, kamar mai neman abin da ya yar.

A wurin kawunsa ya koyi aikin, tun yana ɗan shekara goma sha biyu. Ya koyi inda ake saro ƙasar suri, da yadda ake kwaɓa ta da ciyawa a bar ta ta kwana uku, da yadda ake ɗora gini zobe bisa zobe ba tare da an yi wa na ƙasa gaggawa ba. Ya kuma koyi jin rumbu da kunne. In ka ƙwanƙwasa cikakke da bayan yatsa, amsar da zai ba ka gajera ce, mai nauyi. Wanda ya yi rabi yana da tasa murya. Wanda babu komai a cikinsa kuwa sai ya yi ta amo, kamar ya daɗe yana jiran wanda zai yi masa magana.

Abu na ƙarshe da kawun ya koya masa shi ne shiru. A ƙasar nan ba a leƙa rumbun wani. Matar gida ma ba ta leƙawa. Maigida ne ke hawa ya fiddo dami ya miƙo mata, kuma shi kaɗai ya san abin da ya rage. Mutum guda ne daga waje ke gani, shi ne magini, domin kowace bazara kafin ruwa ya sauka sai an kira shi ya toshe tsaga, ya yi yaɓe, ya ɗaga jinka ya duba baki. Abin da ya gani a can sama, a can yake barinsa. Shekara kusan hamsin Kailu yana wannan aiki, ba a taɓa jin ya ce gidan wane akwai, gidan wane babu ba. Ko Kubura, matarsa, ba ta taɓa ji daga bakinsa ba.

Ladan yaɓe kuwa sananne ne tun kakanni: dami guda na hatsi, daga cikin rumbun da aka gyara. Maigida zai fiddo shi, magini ya ɗora a ka, ya kora jakinsa ya bi ta tsakiyar gari zuwa gida. A nan ne Kailu ya ƙara wani abu nasa wanda kawunsa bai koya masa ba. In ya ɗaga jinka ya ga dami biyu ko uku kawai a ƙasa, ko ya ga babu, sai ya gama aikinsa ya wanke hannu, ya ce wuyansa na ciwo yau, zai dawo ya ɗauka wata rana. Ba ya dawowa, kuma ba a tuna masa. A shekarun wadata wannan bai wuce gida ɗaya ko biyu ba, gidan tsohuwa ko na mai jinya, kuma babu wanda ya lura.

A waɗancan shekarun, in ka tsaya bayan gari ka duba, ba ka iya nuna gidan mai kuɗi da yatsa sai an gaya maka. Alhaji Lawali, mai sayen hatsi da dabbobi, yana da rumbu uku. Yawancin mutane suna da ɗaya, wasu biyu. Duk ƙasa ɗaya aka gina su da ita, kuma hannu ɗaya ya gina su. Samari suna tafiya cin rani Ikko da Kwatano, su aiko da abin da zai kai gida ga damina. Ɗan Kailu ma, Abdurrazak, yana Ikko yana tura ruwa. Ya bar matarsa Samiratu a gidan da jaririya a baya. Talauci yana nan, ba a ce babu ba, amma irin wanda ke zama a gefen tabarma ne, an saba da shi.

Sai shekarar da aka rufe iyaka. Kamyoyi, manyan motocin kaya da ke kawo shinkafa da masara, suka daina zuwa. Fataken Najeriya da ke kwasar raguna a kasuwar Lahadi ta Filinge suka ɗauke ƙafa, har mutum ya kai ragonsa ya dawo da shi sau uku, a na huɗu ya bayar a yadda aka taya. Tiyar hatsi kuwa kullum sama take yi. Kuɗin da samari ke aikowa, in an canja su zuwa sefa, sai su zama kamar an jiƙa gishiri. Dama tun kafin nan an hana hawa moto, wato babur, saboda mutanen daji masu bindiga, kuma gonakin nesa, na bayan tudu ta arewa, an bar su ga ciyawa, domin wanda ya je can da safe ba a da tabbacin ganinsa da marece. Damina ma ba ta yi kirki ba. Daga baya an buɗe iyakar ta wani gefe, amma farashi ya ƙi saukowa daga inda ya hau.

Abin da mutane ba su lura da shi da wuri ba shi ne, ba kowa wannan hali ya matsa ba. Wanda ke da hatsi a ajiye, kowace safiya sai ya tashi ya fi jiya arziki ba tare da ya ɗaga tsinke ba. Alhaji Lawali ya sayi ragunan da aka dawo da su daga kasuwa. Ya sayi shanun noma. Ya kawo magina daga Filinge suka yi masa magaza, wato ma'ajiyar hatsi ta siminti mai ƙofar ƙarfe, wadda babu mai ƙwanƙwasa ta ya ji komai. Da dabbobin mutane suka ƙare, abin da ya rage mai daraja shi ne gonakin kusa da gari, waɗanda mace za ta iya kai abinci ta dawo ana hango ta.

Alhaji ba ya zuwa ƙofar kowa. Yana da dillali, Manzo, mutum mai fara'a da tsabtar riga, wanda ba ya wuce tsoho bai rusuna ba. Manzo ya san mutanen garinsu. Ya san in ka tari magidanci a masallaci ka ce ya sayar da gonar ubansa, zai ce maka gidansa lafiya lau, ko da kwana biyu ba a ɗora tukunya ba. Saboda haka ba ya tarar kowa. Amalanke yake ɗaurawa, ya ɗora buhunan hatsi, ya je ya sauke su a ƙofar gida, a jere, inda matan gidan za su gani ta zana. Sannan ya zauna ya yi gaisuwa mai tsawo. Mutum yana iya jure yunwa wata guda in babu buhu a ƙofarsa. In akwai, kuma yara sun fito sun tsaya suna kallo, yini ɗaya ma yana da tsawo.

Abu guda ne ke tsare gona daga wannan amalanke. Al'adar garin ce cewa gonar da aka riga aka zuba wa iri ba a cinikinta sai an cire amfani; maigari ba ya shaida irin wannan ciniki, liman ma ba ya yi masa fatiha. Don haka duk mai ƙaramin ƙarfi, a bazarar nan, abu ɗaya yake roƙo: ruwan shuka ya riga Manzo zuwa.

A farkon bazarar ne Kailu ya je yaɓe gidan Hajara, wadda mijinta ya rasu shekara biyu da suka wuce ya bar mata 'ya'ya huɗu da gona a bakin rijiyar gabas. Tun daga ƙasa ya ji amon rumbun. Ya hau duk da haka, ya gyara baki, ya ɗaure jinka tamau kamar akwai abin da ruwa zai ɓata. Da ya sauko ya dafa wuya ya ce yau ba ya iya ɗaukar kaya. Hajara ta yi godiya ba ta ɗago ido ba. Ya kora jakinsa ya bi ta gindin babban gawo, inda maza ke zama, ya yi sallama aka amsa.

Kwana uku bayan haka amalanke ya tsaya a ƙofar Hajara. Kafin la'asar an kira maigari.

Haka aka yi a gidan wani makaho da ke unguwar yamma, haka kuma a gidan wasu 'yan'uwa biyu da ba su raba gado ba. Mutane suka fara cewa Manzo yana da mai gaya masa. Wasu suka ce duba ake yi masa. Ba wanda ya ambaci sunan Kailu, amma ya lura cewa in ya doso gindin gawo hira takan ɗan lafa, kuma wani gida da ya saba kiransa kowace shekara bai aiko ba, ko da yake tsagar rumbunsu ana hango ta daga hanya.

Kubura ce ta warware masa. Da hantsi ne, tana tsame anza, 'ya'yan itacen daji da ake ci in yunwa ta yi, daga ruwan da ta jiƙa ta kwana biyar don ɗacin ya fita, abincin da rabon gidan da shi tun Abdurrazak na goye. Ta ce, ba ta dube shi ba, a rijiya ana cewa shi ne. Ya ce Allah ya sani bakinsa bai taɓa furta asirin rumbun kowa ba.

"Bakinka bai faɗa ba, Malam," in ji ta. "Amma ka fito gidan Hajara babu dami bisa kai, kuma Manzo na zaune gindin gawo. Gidan makaho ma haka. Mi za ya yi da mai duba?"

Kailu ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Abin da ya ɗauka sutura ce yake yi wa mutane, shekara da shekaru, ashe shela ce. Sai dai a da babu mai buƙatar saurarenta.

Gidan da ke biye a aikinsa na Nafi'u ne, taubashinsa, ɗan ƙanwar ubansa. Tare aka yi musu kaciya, kuma tun daga lokacin ba su taɓa haɗuwa ba tare da ɗaya ya ce ɗaya bawansa ne ba. Gonar Nafi'u ita ce mafi kyau a cikin na talakawan garin: tana manne da bayan gidaje, dabbobi sun shekara ɗari suna kwana a kanta. Kowa ya san Alhaji ya daɗe yana kallonta. Mutum goma sha ɗaya ke ci daga gonar nan.

Kailu ya iske shi zaune a inuwar rumbun yana gyaran ƙotar kalme. Nafi'u ya ce ga bawansa ya iso a makare kamar kullum, in ya ƙara haka zai sayar da shi ya sayi jaki. Kailu ya ce wanda zai sayi bawan da ubangidansa ke da irin wannan ƙeya bai zo duniya ba tukuna. Suka yi dariya. Sannan Kailu ya kai hannu, kamar mai neman inda zai jingina, ya ƙwanƙwasa.

Dariyar Nafi'u ta tsaya a rabi. Su duka biyu sun ji.

Bai yi yaɓen ranar ba. Ya ce ƙasar ba ta jiƙu yadda yake so ba, sai gobe, ya fita da kayan aikinsa a hannu yana faɗin haka da ƙarfi don na waje su ji.

A gidan Kailu akwai dami guda da ba a taɓawa. Na iri ne, wanda ya zaɓa zangarniya bayan zangarniya ranar girbi, dogaye masu ɗan ja a baki, irin da ya gada daga ubansa. Yana rataye a rufin ɗakinsa inda hayaƙi ke kai masa. Rumbunsa na tsakar gida kuwa, shi ma ya san muryarsa. Ladan yaɓe ne ke kai gidan ga damina kowace shekara, kuma bana wuyansa ya yi ciwo a gidaje da yawa.

Washegari bayan sallar asuba ya sauko da damin, ya sa shi a tsakiyar ciyawar jinka, ya naɗe, ya ɗora wa jaki. Kubura tana kallo. Ta tambaye shi ko ya san abin da ya ɗauka. Ya ce aro ne, da azahar zai dawo da shi. Ta ce to, ta ci gaba da shara.

Ya yi wa rumbun Nafi'u yaɓe mai kyau, ya sake masa jinka. Da ya gama ya zaro damin daga cikin sauran ciyawa ya ɗora a ka. Nafi'u ya dube shi, ya dubi damin, ya fasa wasan da suka saba. Sai ya raka shi har ƙofar gida, ya ce da murya sama, yadda ake yi, Allah ya sa albarka, a ci lafiya. Kailu ya bi ta gindin gawo a hankali. Manzo yana nan. Ya tashi ya rusuna, idonsa ya sauka a kan damin, ya koma ya zauna.

Amalanke bai je gidan Nafi'u ba a makon nan, bai je a na biye ba.

Da Kailu ya tsaya a nan, wataƙila da labarin ya zama wani. Amma bayan gidan Nafi'u akwai wani gida mai irin wannan amo, kuma bayan wannan akwai wani. Wanda ya san cewa fitarsa babu dami tana jawo wa mutane amalanke ba zai iya fita babu dami ba. Saboda haka damin ya shiga gida na biyu a cikin ciyawa ya fito a ka. Ya shiga na uku. Kowane maigida ya raka shi ƙofa ya yi addu'ar da ake yi. A wani gida matar ta tsaya tana kallon damin har ya fita, da yaro a hannu, irin kallon da Kailu ya kwana biyu yana gani in ya rufe ido.

Gari ya ɗan yi shiru. A gindin gawo aka fara cewa ashe mutane na da sauran abu, ƙorafi ne kawai ya yi yawa. Hira ta daina lafawa in Kailu ya doso. Amma dami ba a yi shi don yawo ba. Kowace naɗewa da kowace saukewa sai ƙwaya ta zube. Tsuntsaye suka gane jakin. Kubura takan shimfiɗa zane in zai sauke, ta tattara abin da ya faɗo ta zuba a ƙwarya, amma abin da ya zube a hanya na kaji ne. Zangarniyoyin waje suka fara yin sanƙo. Kailu yakan juya su ciki ya fiddo na tsakiya, ya sake ɗauri, damin kuma yana ƙara sirancewa.

Ruwa bai zo ba. Hadari yakan taso ta gabas da la'asar, ya yi baƙi har mata su kwashe shanya, sai iska ta watsa shi. Abdurrazak ya kira a wayar maƙwabci ya ce abubuwa sun tsaya a Ikko, a yi haƙuri zuwa wata mai kamawa. Nonon Samiratu ya ragu. Jaririyar ta koma kuka mara ƙarfi, wanda ba ya kai wa zaure.

Ana haka Alhaji Lawali ya aiko a kira Kailu. Ba gini ba ne. Rumbunan nan uku, waɗanda Kailu ya gina da hannunsa shekara ashirin da suka wuce, ake so a rushe, domin magaza ta biyu za ta zauna a wurin. Alhaji ya karɓe shi da mutunci, ya tambayi iyali, ya ce wanda ya gina shi ya san inda zai fara bugu. Kailu ya yini yana fasa su. Ƙasar ta yi tauri kamar dutse, har ya ji wani abu mai kama da alfahari yana sara. Da marece aka auna masa tiya biyu ta hatsi a ƙyalle, tunda babu rumbun da za a fiddo dami daga ciki.

Manzo ne ya rako shi ƙofa. Ya riƙe masa jaki, ya gyara masa igiya, sannan ya yi magana a hankali, kamar mai ba da labarin wani gari.

"Baba Kailu, ni hatsi ne aikina tun ina yaro. Kowane gida da irin nasu. Na Baba Nafi'u gajere ne, fari. Bana sai na ga gida bakwai duk sun biya ka da dogo mai jan baki." Ya yi murmushi. "Na ce ikon Allah, ashe duk garin irinku suka koma shukawa."

Kailu ya ce ido yakan ruɗi mutum da rana. Manzo ya ce haka ne, Baba, shi ya sa bai yi gaggawa ba, sai da ya gaisa da damin sau bakwai. Ya ƙara da cewa gobe in an sauko daga Juma'a yana so ya je ya gaida Baba Nafi'u, an kwana biyu.

Kailu bai nufi gida ba. Ya iske Nafi'u a zaure, ya gaya masa yadda aka yi, babu wasa a ciki. Nafi'u ya ce in buhu ya sauka a ƙofar nan gobe, shi ya san kansa, kuma ya san abin da ke cikin gidan. Ba zai iya cewa a mayar ba. Nasa irin sun ci shi tun watan jiya. Suka zauna. Can Kailu ya ce akwai bizne.

Bizne shuka ce a busasshiyar ƙasa, kafin ruwa. Ana yi, amma masu iri da yawa ke yi, domin in yayyafi kaɗan ya sauka ya tsaya, ƙwayar za ta tsiro ta mutu, sai a sake. Wanda ba shi da na sakewa ba ya bizne. Nafi'u ya ce shi da me zai yi? Kailu ya dube shi, sai Nafi'u ya gane damin irinsa yake nufi.

"Kai, bawan banza," in ji Nafi'u, muryarsa ƙasa ƙasa. "Taka gonar fa?"

"Tawa tana da nisa. Ba ita yake so ba tukuna."

"Tukuna."

"Mu huɗu ne a gidana. Ku sha ɗaya ne."

Da ya koma gida ya ba Kubura tiya biyun, ya ce ta sussuke damin. Ta tsaya da taɓarya a hannu. Ta ce aro ya ce mata. Ya ce haka ya ce. Ta dubi ɗakin da Samiratu ke kwance, ta dube shi, sannan ta kwance ɗaurin. Abin da ya fita, har da na ƙwaryar da take tarawa, bai kai rabin abin da damin ke da shi ranar da aka rataye shi ba. Gona ɗaya zai isa, in an ƙanƙanta hannu.

Da gari ya waye suka fita, tsofaffi biyu da matan gidan Nafi'u. Nafi'u yana gaba yana sara da sungumi, Kailu yana biye yana jefa ƙwaya yana rufewa da diddige. Ƙasar tana da zafi tun kafin rana ta ɗaga, kuma kowane rami ƙura yake tayarwa. Masu wucewa zuwa rijiya suka tsaya suna kallo. Kafin a kira sallar Juma'a sun kai ƙarshen gonar, kuma sawun shuka ya jeru layi layi, yadda ko daga kan hanya ba ya ɓoyuwa. Nafi'u ya je ya gaya wa maigari da bakinsa cewa ya zuba iri.

Bayan an sauko daga masallaci amalanke ya fito daga gidan Alhaji da buhu shida. Ya bi ta bayan gari. Waɗanda suka gani sun ce Manzo ya sauka a bakin gonar, ya tsuguna, ya tona rami ɗaya da yatsa, ya ɗauki ƙwayar ya juya ta a tafin hannu. Ya mayar da ita ya rufe da kyau, ya kakkaɓe hannu. Bai shiga gidan Nafi'u ba. Gonar ta tsira har kaka, in Allah ya kawo ruwan da zai tashe ta.

Kailu yana zaune a ƙofar gidansa, ya miƙe ƙafafu, bayansa na ciwo na gaske. A ciki Kubura tana daka kaɗan daga tiya biyun don a dama wa Samiratu kunu. Ta gabas hadari ya fara haɗuwa, mai nauyi, ya fi na kwanakin baya. Kailu ya dube shi yana lissafin abin da zai yi wa gonar Nafi'u in ya zuba sosai, da abin da zai yi mata in ya yayyafa kawai. Tasa gonar, ko ya zuba ko bai zuba ba, ɗaya ne.

Ya ji ƙarar ƙafar amalanke tun daga kwanar masallaci. Ya san ta, domin ƙafar hagu tana da wani kuka da kowa a garin ya koyi ganewa. Ta wuce gidan maƙwabcinsa. Ba ta wuce nasa ba.

Manzo ya sauka ya rusuna. Ya tambayi gajiya, ya tambayi Inna Kubura, ya tambayi mai jego da jaririya da labarin na Ikko. Yana gaisuwar yana sauke buhunan ɗaya bayan ɗaya, yana jera su a jikin zana, daidai inda karan ya ɓalle ake hango tsakar gida. Da ya gama ya nemi gefen tabarma ya zauna.

"Babu gaggawa, Baba," in ji shi. "Mu ɗan sha iska."

A cikin gida taɓarya ta yi bugu biyu, ta tsaya.